Kurakuran karanta taswirar hasashen yanayi a ƙasar duwatsu

Duk wanda ya taɓa hawa Mambila daga Mayo Selbe ya san yadda ake barin gindin dutse cikin gumi, a isa Nguroje ana laluben rigar sanyi. Amma in ka buɗe taswirar hasashe a waya, sai ka ga bambancin launin da ke nuna zafi bai taka kara ya karya ba.

Babban kuskure shi ne zaton taswira tana ganin inda kake tsaye. Kwamfutocin da ke lissafin yanayi suna yanka duniya ne gida-gida, kamar gurbin dara. A tsarin GFS na Amurka faɗin kowane gida kusan kilomita 13 ne, a na cibiyar Turai ECMWF kuwa kusan 9. Duk abin da ya faɗo cikin gida ɗaya, tsauni ne ko kwazazzabo, sai a baje shi a ba shi tsayi guda. Dutse ya gajarce, kwari ya cike. Zafin da ka gani na wannan matsakaicin tsayin ne, ba na gonarka ba.

Gyaran ba wuya. Duba tsayin wurinka a waya, ka rage kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka ɗara. In taswira ta ɗauki yankin a mita 900 ta ce digiri 28, kai kuwa kana kan mita 1,500, to ka sa ran 24.

Sai dai kada ka riƙe wannan lissafin da daddare, musamman a hunturu. In sama ta washe iska ta kwanta, iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro ta taru a kwari kamar ruwa a kwarya. Da asuba mai lambu a fadama yana rawar ɗari, na kan gangare bai ji rabin haka ba. Taswira ba ta cika kama wannan ba, don kwarin ma ba ta san da shi ba. A nan dattijon da ya shekara talatin yana noman dankali a Bokkos ya fi waya gaskiya.

Wasu kuma sukan ce na'urarsu ta lalace, don a Jos ta nuna matsin iska wajen 880 alhali taswira ta ce 1012. Lafiyarta lau. An mayar da lambar taswira daidai da matakin teku ne, Jos kuwa tana sama da mita 1,200.

A manhaja irin Windy, a lura da matakin tsayin sama da aka zaɓa. Matakin 850, wato inda matsin iska yake 850, yana nufin kusan mita 1,500 sama da teku: ga mutumin Gembu iskar ƙofar gidansa ce, ga Bakano kuwa tana can sama.

Ruwan sama ne ya fi yaudara. Iskar damina daga kudu maso yamma tana karo da dutse, ta hau, ta juye ruwanta a ɓangaren Kagoro, bayan dutse wajen Bauchi ya sami ƙasa da haka. Taswira takan shafe wannan iyakar. Kuma kada ka duba saman garinka kaɗai. Ambaliyar da ta ci Agadas a Satumban 2009, ruwan da ya sauka kan duwatsun Azbin ne ya biyo koramar Telwa. In gidanka ko gonarka na bakin korama, ja taswirar zuwa inda koramar ta taso, can za ka duba hadari.