Darasi na Bakwai: Karɓa da Aika Wasiƙa da Manhajar Imel ta Kwamfuta

A darasin da ya wuce kowa ya buɗe akwatinsa na imel, kuma na ga yawancinku kun rubuta adireshinku a bangon littafi. Madalla. Yau za mu zauna gaban kwamfutar aji mu koyi aiki da manhajar da ake girkawa a cikinta domin karɓar wasiƙu da aika su. Wadda muke da ita sunanta Thunderbird. Kyauta ce, Gidauniyar Mozilla ce ta fito da ita a shekarar 2004. A ofisoshi za ku fi cin karo da Outlook ta kamfanin Microsoft, amma wanda ya iya ɗaya, ɗayar ba za ta gagare shi ba.

Wani zai ce, tunda akwai waya, me ya kai mu ga wannan? Mu da ke Garwa mun san yadda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da wuta ma ba ta zama. Idan ta shafin intanet kake shiga akwatinka, da zarar layi ya yanke ba ka da damar ganin ko da tsohuwar wasiƙa. Ita kuwa manhajar nan, duk wasiƙar da ta sauko tana ajiye kwafinta cikin kwamfuta. Kana iya karantawa, ka rubuta amsa a natse, in layi ya dawo ka tura. Wannan shi ya sa nake ƙaunarta.

Fuskar manhajar

Kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, don haka zan ba ku kalmomin yadda za ku gan su. A gefen hagu akwai jerin aljihuna. Courrier entrant shi ne inda sababbin wasiƙu ke sauka. Brouillons na wasiƙun da ka fara ba ka gama ba ne, Envoyés na waɗanda ka riga ka aika, Corbeille kuma kwandon shara. Wasiƙar da ba a buɗe ba tukuna, rubutun kanta ya fi na sauran kauri. Idan kana jiran saƙo bai bayyana ba, danna Relever don manhajar ta je ta ɗauko. In har yanzu shiru, leƙa Indésirables, domin wani lokaci wasiƙar kirki kan faɗa cikin tarkace.

Rubuta wasiƙa

Danna Écrire, ko Nouveau message a sabon samfuri. A layin Pour za ka sa adireshin mai karɓa. A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka mu tsaya kaɗan. Adireshi kashi biyu ne, alamar @ ce ta raba su: sunan akwati a gaba, sunan gidan da ke riƙe da akwatin a baya, kamar gmail.com ko yahoo.fr. Wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, shi ya zaɓi wannan alama a 1971. Ba a barin fili a cikin adireshi, kuma harafi ɗaya in ya kuskure, wasiƙar za ta dawo maka ko ta faɗa hannun wani.

Bara wani dattijo mai fataucin albasa zuwa Duwala ya daɗe yana bin maɓallai da yatsa ɗaya bayan ɗaya, gilashinsa a kan hanci. Can ya ɗago ya ce, "Malam, wai ina wannan 'a' mai naɗe da wutsiya ta ɓuya?" Na ce, "Alhaji, danne AltGr da babban yatsa, kada ka sake, sannan ka taɓa maɓallin sifili na layin sama." Da ta fito sai ya yi kabbara. Haka ake samunta a allon maɓallan Faransanci da muke amfani da shi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba a sa su cikin adireshi. B da d da k ake rubutawa.

A layin Sujet, faɗi abin da wasiƙar ta ƙunsa cikin kalmomi kaɗan, misali "Farashin albasa na wannan mako". Kada ka bar shi fayau. Sai ka gangara babban fili, ka yi sallama, ka faɗi buƙatarka, ka rufe da sunanka, ka danna Envoyer. In kana cikin rubutu kana tsoron ɗaukewar wuta, riƙa danna Ctrl da S tare, abin da ka rubuta zai zauna a Brouillons. In kuma layi ne babu, shiga Fichier ka zaɓi Envoyer plus tard, wasiƙar za ta jira a Messages en attente har layi ya dawo.

Maƙala takarda

Danna Joindre, ka nemo takardar ko hoton, ka zaɓa. Tabbata ka ga sunanta ya bayyana a jikin wasiƙar kafin ka aika. Ni kaina na taɓa tura wa wani ofishi a Yawunde takardar neman tallafi ta ƙungiyarmu, na rubuta cewa ga takardun nan haɗe, ashe ban maƙala komai ba. Kafin in farga wa'adi ya wuce, kuma har yau abin na yi mini ciwo. Thunderbird tana tunatar da mai rubutu in ta ga kalma irin pièce jointe babu abin da aka haɗa, amma ba ta jin Hausa sai ka ƙara mata kalmomin da kanka. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a wasiƙa ɗaya, saboda haka hotuna masu yawa a raba su.

Don mayar da amsa, Répondre na zuwa ga wanda ya rubuto kaɗai, Répondre à tous kuwa na zuwa ga duk wanda sunansa ke cikin wasiƙar. Duba da kyau kafin ka saka maganar kuɗi.

Sirrinka

Tunda manhajar tana ajiye wasiƙu kuma tana iya riƙe kalmar sirri, duk wanda ya zauna gaban kwamfutar bayanka zai iya karanta su. Kada ka ɗaura akwatinka a kwamfutar shagon intanet ko ta maƙwabci. A aji ma da akwatin gwaji za mu yi aiki. Wasiƙar da ta ce ka ci wata kyauta, ko ta nemi kalmar sirrinka ko lambar sirrin asusunka na waya, kada ka amsa, kada ka buɗe abin da aka maƙala mata.

Aikin yi

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya rubuta wa abokin zamansa wasiƙa mai layi uku kan farashin buhun masara a kasuwar unguwarsu, ya sa mata kai a Sujet, ya maƙala hoton da na ajiye a kan allon kwamfuta. Wanda ya karɓa ya amsa da Répondre. Bayan haka kowa ya buɗe Envoyés ya nuna mini wasiƙarsa kafin a tashi.