Yadda Ake Karanta Bayanan Taurarin da ke Sa Ido Kan Rana

Buɗe shafin SWPC, cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka. Lokutan da ke jiki na UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sai ka ƙara awa 1 ka samu agogon Najeriya da Nijar.

Fara da jadawalin hasken X (X-ray) da taurarin ɗan'adam na GOES ke aunawa daga rana. Ana raba walƙiyar rana, wato fashewar haske mai ƙarfi daga jikin rana, aji A, B, C, M da X, kowane aji ya ninka wanda ya gabace shi sau 10. Daga M zuwa sama, rediyon gajeren zango na iya ɗaukewa a ɓangaren duniya da ke cikin rana. Gargaɗi ba ya riga walƙiyar isowa, domin minti 8 kacal haskenta ke yi a hanya.

Mafi muhimmanci shi ne iskar rana, wato ƙwayoyi masu cajin lantarki da rana ke fesowa. An girke tauraron ACE a 1997, DSCOVR kuma a 2015, nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, kuma awo daga can na ba da ratar minti 15 zuwa 60 kafin iskar ta iso duniya. Duba gudun iskar da ma'aunin Bz, mai nuna ko maganaɗisun da ke cikin iskar na fuskantar arewa ko kudu. Nan masu koyo ke kuskure, sai su tsorata da gudu kaɗai. Ko ya haura kilomita 500 a daƙiƙa, in Bz na fuskantar arewa, garkuwar maganaɗisun duniya na tare yawancinsa. Idan Bz ya juya kudu, ya sauka ƙasa da -10 na sa'o'i, guguwar maganaɗisu ta kankama.

Ma'aunin Kp kuwa, mai nuna girgizar maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9 yake, guguwa na farawa a 5. Mai awon fili da GPS ya ɗage aiki a irin wannan rana, musamman bayan magariba, lokacin da sigina ke yawan rawa a yankinmu na kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu.