Darasi na 9: Gyaran Kuba da Hannun Ƙofa da Taga Mai Gilashi Biyu

Tun da Gusau ta zama hedikwatar jiha a 1996, gini ya canza kama. Ƙyauren katako da tagar ƙarfe suna nan daram, amma a bankuna, otal-otal, ofisoshi da sababbin gidaje, ƙofofi da tagogin alminiyam ne suka cika ido. Yawancinsu gilashi ɗaya gare su. Wasu kuwa, musamman a ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya iska, gilashi biyu ne cikin firam ɗaya. A kansu darasin nan ya tsaya, ko da yake kusan duk abin da za ka koya zai yi maka aiki a kan mai gilashi ɗaya ma.

Abin takaici shi ne, sau da yawa ana kashe kuɗi mai yawa a sayi ƙofa mai kyau, sai ƙaramar matsala ta same ta, a yi ta kokawa da ita har a lalata ta gaba ɗaya. Alhali da sukudireba da awo da ɗan haƙuri an gama.

Yadda gilashi biyu yake

Gilashi biyu ne aka jera fuska da fuska, aka bar rata a tsakaninsu, galibi milimita 6 zuwa 16. Cikin ratar akwai busasshiyar iska, wani lokaci kuma iskar gas da ake kira argon. An kewaye gefen da siririn ƙarfe mai ɗauke da 'yan ƙwayoyi masu shanye laima, sannan aka liƙe shi da baƙin danƙo tun daga kamfani. Dabarar kusan irin ta filas ɗin shayi ce: bango biyu da rata a tsakiya, sai zafin waje ya kasa saurin ratsowa. Yana kuma rage ƙarar titi. In kana shakkar ko guda nawa ne, ƙyasta ashana ka kusantar da ita. Gilashi ɗaya zai nuna maka harshen wuta biyu, gilashi biyu kuwa huɗu.

Shi gilashin kansa ba aikinmu ba ne. In ka ga raɓa ko hazo a cikin ratar, an goge ciki da waje bai fita ba, to danƙon gefe ya saki. Sai dai a auna faɗi da tsawo da kauri a yo odar sabo. Kada ka huda shi, kada ka ɓamɓare shi da wuƙa. Wani ma gasasshen gilashi ne, wanda da zarar an taɓa shi da abin yanka sai ya tarwatse gutsi-gutsi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ka riƙe nauyinsa a ranka. Gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita. Biyu ke nan kilo 20. Ƙofar da gilashinta ya kai murabba'in mita ɗaya da rabi tana ɗauke da kilo 30, ban da firam. Wannan nauyin shi ne tushen yawancin matsalar da za a kira ka a kai, domin hinji da taya su ke dakonsa dare da rana.

Gwajin farko: a buɗe ko a rufe?

Karanta wannan hira da aka yi a wani gida a Tudun Wada.

"Sannu da zuwa, Malam. Wagga ƙofa ta gagare mu. Sai yara sun danna ta da kafaɗa kafin makulli ya juya. A canza kubar kawai."

"To Hajiya, bari mu gani tukuna. Kai yaro, buɗe ta gaba ɗaya, ka sa makulli ka murɗa."

"Maigida, ga shi yana juyawa sumul."

"To rufe ta ka sake."

"Ya cije, Maigida."

"Kin gani ko, Hajiya? Kubarki lafiyarta lau. Ƙofar ce ta sauka, harshen kuba bai daidaita da raminsa ba. Ko sabuwa aka sa, haka za ta yi."

Wannan gwaji shi ne abu mafi muhimmanci a darasin nan, kuma ba ya cin ko sisi. In kuba ta yi aiki ƙofa tana buɗe, ta ƙi aiki ƙofa tana rufe, matsalar ta daidaito ce. In ta cije ko a buɗe, to laifin yana cikin kubar ko silinda, wato guntun ƙarfen da makulli ke shiga.

Ƙofar da ta sauka

Nemi alli ka shafa a harshen kuba. Rufe ƙofar a hankali, ka murɗa makulli har inda ya tsaya, ka buɗe. Dubi ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikin firam, wanda harshen ke shiga raminsa. Za ka ga farin tabo daidai inda harshen yake dukan ƙarfe, galibi a leɓen ƙasa na ramin. Yawancin farantan nan ramukan sukurunsu dogaye ne, don a iya matsar da su. Sassauta sukurun, kada ka cire su, ka matsar da farantin milimita ɗaya ko biyu, ka ɗaure, ka gwada.

Kafin ka taɓa farantin ma, duba hinji. Kama bakin ƙofar ka ɗaga sama. In ta yi motsi, sukurun hinjin sama sun kwance, ɗaure su kaɗai yana iya gyara komai. Wasu hinjin, musamman na ƙofar farar roba mai tauri da ake kira uPVC, suna da sukurun daidaitawa a ƙarƙashin murfi, da alanki, wato lanƙwasasshen ɗan ƙarfe mai kusurwa shida, ake juya su. Rabin juyi za ka riƙa yi kana gwadawa. In ramin sukuru ya cinye a jikin alminiyam yana ta juyawa ba ya kamawa, sa wanda ya ɗan fi shi kauri, ko ka buga ribit. Amma tsawo kada ya wuce na tsohon. Gefen gilashin yana ɓoye cikin firam kusa da inda kake aiki, dogon sukuru zai same shi, sai dai ka ji ƙas.

Akwai ƙofar da hinjinta lafiya amma ita kanta ta karkace. Auna ta daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ɗaya ɓangaren. In awo biyun sun bambanta, 'yan robobin da ke tokare gilashi cikin firam ne suka goce, ko ba a sa su daidai ba tun farko. Mazauninsu kusurwar ƙasa ta wajen hinji da kusurwar sama ta wajen kuba, don gilashin ya tallafi firam. Aikin mutum biyu ne da safar hannu, kuma kada ka fara shi sai ka ga gwani ya yi a gabanka.

Ka kuma lura da lokaci. A watan Afrilu zafin Gusau yakan wuce digiri 40, ƙofar da ke kallon rana kuwa ta fi haka zafi. Alminiyam mai tsawon mita 2 yana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya da rabi in zafinsa ya ƙaru da digiri 30. Farar roba tana ninka wannan kusan sau uku. Shi ya sa wata ƙofar take rufuwa lafiya da asuba, ta cije da azahar. In ka daidaita ta da safe, ka tambayi masu gida yadda take yi da rana, ka bar mata 'yar rata.

Ƙura da mai

In makulli yana shiga da ƙyar ko yana cijewa ko a buɗe, fara zargin ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga kowane rami. Mutane kuma sai su ɗura manja ko man gyaɗa ko baƙin mai a bakin makulli. Kwana biyu zai yi laushi, daga nan man ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi, ya danne 'yan ƙananan fil da sifirin da ke cikin silinda. Ina roƙonka ka hana mutane wannan duk inda ka je. Bakin makulli busasshen abu yake so. Goga bakin fensir a haƙoran makullin har su yi baƙi, ka sa ka cire sau da yawa, ka murɗa. Harshen kuba da hinji da ƙugiyoyin gefen ƙofa su ne ke son ɗigon man keken ɗinki, ka goge wanda ya malalo.

Wasu ƙofofin suna kullewa a wuri uku ko fiye: sai an ɗaga hannu sama ƙugiyoyi sun shiga, sannan makulli ya juya. Ka koya wa masu gida wannan, yara da manya. In hannun ya yi tauri aka riƙa danna shi da ƙarfi, akwatin haƙoran da ke tsakiyar kubar ne ke karyewa, shi ne mai tsada, wani lokaci sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a nemo irinsa.

Canza silinda

Silinda ita ce guntun ƙarfen da makulli ke shiga, ta ratsa ƙofa daga waje zuwa ciki. In makulli ya ɓata, ko sabon ɗan haya ya shigo, ita kaɗai ake canzawa, kubar tana nan.

Buɗe ƙofar ka dubi kaurinta. Ƙasa da harshen kuba, daidai saitin silinda, akwai kan wani dogon sukuru guda ɗaya. Shi kaɗai ke riƙe da ita. Kwance shi ka ajiye a aljihu. Sa makulli ka ɗan juya shi kaɗan, dama ko hagu, kana jan silindar a hankali. A tsakiyarta akwai ɗan kunne da ke leƙowa gefe. Da ya daidaita da jikinta, za ta zamo hannunka. In ta ƙi, sassauta sukurun hannun ƙofa, sau da yawa su ne suka matse ta. Guduma ba ta da aiki a nan.

Yanzu sai awo, inda karatunka zai yi maka rana. Ɗora tef daga tsakiyar ramin sukuru zuwa bakin waje, ka rubuta. Sake aunawa daga tsakiyar ramin zuwa bakin ciki, ka rubuta. In ka sami 35 da 35, a kwali za ka ga an rubuta 35/35, tsawonta duka milimita 70. In ka sami 35 da 45, tsawonta 80, amma 40/40 ba za ta maye gurbinta ba ko da yake ita ma 80 ce. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ka nuna masa takardarka. Silindar da ta leƙo waje fiye da milimita 3 daga farantin hannu tana da sauƙin karyawa ga ɓarawo, kuma a halin da muke ciki ba wanda zai so haka a ƙofarsa.

Mayar da sabuwa kamar yadda ka cire tsohuwa. Gwada kowane makulli, ciki da waje, ƙofa tana buɗe. Sai ka tabbata sannan ka rufe.

Hannun da ya saki ko yake lilo, duba sukurunsa da sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta ratsa shi. Ta ƙofa galibi milimita 8 ce, ta taga 7. In za ka sayo sabon hannu, auna daga tsakiyar sandar zuwa tsakiyar da'irar da makulli ke shiga. Akwai 72, akwai 85, akwai 92. Mafi sauƙi ka tafi da tsohon.

Taga

Taga mai zamewa in ta yi nauyi, share layin ƙasa da tsohon buroshi da ruwan sabulu. Giris ba ya zuwa nan, yashi zai tara. In ba ta saki ba, ɗaga ta sama cikin layin sama, ka jawo ƙasanta wajenka. Wasu suna da 'yar roba a sama da ke hana ɗagawa, sai ka fara cire ta. Kwantar da tagar a kan tabarma ka dubi tayoyin. Wadda ta cinye ta yi lebur a gefe ɗaya ta gama aiki. Canza duka biyun tare. Sau da yawa ƙugiyar kulle da ta daina kamawa, da an sa sabuwar taya tagar ta koma tsayinta, sai ta kama da kanta.

A layin ƙasa akwai 'yan huda masu fitar da ruwan sama waje. Tsokace su da waya a watan Mayu kafin damina ta kankama, kuma kada ka bari mai fenti ko mai filasta ya toshe su.

Taga mai buɗewa waje kuwa tana kan hinjin almakashi, sama da ƙasa. A jikinsa akwai ƙaramin sukuru mai ƙara masa tauri. In iska tana kaɗa tagar, ɗaure shi kaɗan. In hinjin ya lanƙwashe, yawanci iskar hadarin farkon damina ce ta same ta a buɗe. Miƙe shi ba ya ɗorewa, a canza na sama da na ƙasa lokaci guda, tsawonsu ɗaya da tsofaffin.

Amana

Mai gyaran kuba yana shiga har ɗakin kwanan mutane. Kada ka buɗe ko ka canza kubar wani wuri sai mai shi yana tsaye, in gidan haya ne kuma ana rigima, ka jira mai gida da ɗan haya su daidaita ko mai unguwa ya sa baki. Makullan da suka zo cikin kwali, ƙirga su a gaban mai gida ka damƙa masa duka. Ka kuma tuna masa cewa ɗakin da tagoginsa ke da ƙarfen tsaro, ƙofa ce kaɗai mafita in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye. Makulli ya kwana inda kowa a ɗakin ya sani, inda hannu zai kai cikin duhu.

Aikin gida

Silinda ta nuna 40 a waje, 50 a ciki. Rubuta yadda za ka gan ta a kwali, da tsawonta duka.

Taga mai gilashi biyu, kowane milimita 4, girmanta murabba'in mita 2. Kilo nawa ne gilashinta?

Zaɓi ƙofa ɗaya a gidanku ka yi mata gwajin buɗe da rufe, sannan na alli. Rubuta jimla uku a kan abin da ka gani. Wanda yake da tsohuwar silinda ko tayar taga ya zo da ita aji na gaba, tare da tef, za mu auna su tare.