Masu shiga gasar kimiyya da fasaha ta JETS, ku haɗa oda da maƙwabta

Malamai da ɗalibai, kada ku sayi kayan aiki ku kaɗai.

Ku nemi ƙungiyar makarantar da ke kusa da ku, ku haɗa oda ɗaya ta Arduino (ƙaramin allon lantarki mai sarrafa na'ura) da wayoyi. Kuɗin aike daga Legas ya rabu biyu ke nan, kuma mai kaya yakan yi ragi idan oda ta yi yawa.

Mitar awon wuta kuwa, aro ya wadatar.

Ranar raba kaya, kowa ya yi wa ɗan'uwansa bayanin aikinsa. Inda baƙo ya kasa ganewa, nan alƙalai za su tsare ku da tambaya.

Amma idan aikinku iri ɗaya ne, ku tsaya a kan sayayya kawai. Batir kuma ba a ba da aronsa, a mace yake dawowa.