Yadda ake karrama tsohuwar golar jami'a da ta zama nas ɗin soja a Amurka

Kafin a sa rana, a nemi yardarta. Wasu ma'aikatan jinya da suka yi aiki a asibitin fagen daga ba sa son a tsayar da su gaban jama'a, kuma wannan haƙƙinsu ne. In ta amince, kuma har yanzu tana aikin soja, sai sashen wasanni na jami'ar ya rubuta wa ofishin hulɗa da jama'a na rundunarta, kamar wata biyu kafin ranar. Su ne za su ce ko za ta zo cikin kaki, da abin da aka yarda a faɗa a lasifika.

Kakar ƙwallon jami'o'i ta NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana farawa a Agusta, don haka wasan gida na Satumba ko Oktoba ya fi dacewa. Mutane kan so 11 ga Nuwamba, Ranar Tsofaffin Sojoji, amma a lokacin an shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, babu tabbacin za a buga a gida.

Inda aka fi yin kuskure shi ne muƙami. Nas ɗin soja a Amurka hafsa ce, ba ƙaramar soja ba, kuma rundunoni uku ne ke da nasu sashen jinya: na sojan ƙasa tun 1901, na sojan ruwa tun 1908, na sojan sama tun 1949. Rundunar Marine ba ta da nata, sojan ruwa ne ke kula da majinyatanta. Kyaftin a sojan ruwa daidai yake da kanar a sojan ƙasa, alhali kyaftin ɗin sojan ƙasa yana ƙasa da manjo. Mai sanarwa da ya cakuɗa waɗannan ya rage mata girma a ranar da aka taru don girmama ta. A rubuta muƙamin da sunan rundunar, a aika mata ta duba da kanta, sannan a buga. Kada a ambaci inda za a tura ta nan gaba, kada kuma a ba da labarin wani majinyaci da suna ko da hoto.

Tarihinta a raga ma a ba shi irin wannan kulawa. A ɗauko alƙaluma daga kundin jami'a, ba daga abin da tsofaffin abokan wasa suke tunawa ba: ƙwallayen da ta tare, mintunan da ta buga, da wasannin da ba a ci ta ba. Matsakaicin ƙwallayen da aka zura mata kuwa, ana ninka ƙwallayen sau 90 a raba da mintuna. Wadda aka ci 18 a minti 1,620, matsakaicinta 1.00 ke nan. Biyu ko uku daga cikin alƙaluman sun isa a sanarwa.

Hutun rabin lokaci minti 15 ne, kuma 'yan benci suna buƙatar filin don motsa jiki, saboda haka bikin kada ya wuce minti biyar. A tsayar da ita a bakin ragar da ta tsare, golar yanzu ta miƙa mata kyautar. Masu riƙe tuta a nemo su daga ɗaliban ROTC, wato masu samun horon zama hafsoshin soja, na jami'ar. In daga barikin soja ake so, sai an cike fom DD 2536, na neman halartar sojoji a taron jama'a. A kauce wa wasan wuta da harba igwa, domin ƙarar na iya tayar wa wanda ya ga yaƙi hankali. Allon kamfanin da ya ɗauki nauyin wasa kada ya fito bayanta a hoto in tana cikin kaki, dokar soja ta hana amfani da kaki wajen talla.

Batun kyauta akwai ƙa'ida. Ma'aikacin gwamnatin tarayya, har da hafsan soja, in ba wani dalili da doka ta keɓe ba, yana karɓar abin da bai wuce dala 20 ba a lokaci guda, dala 50 a shekara daga wuri ɗaya. Allon yabo ko takardar shaida ba sa cikin wannan lissafi. Rigar gola a firam kuwa tana da tsada, sai a tambayi lauyan rundunarta tukuna. In an yarda, a ɗinke rigar a jikin allon da zare, kada a sa gam, domin yana ɓata yadi. Gilashin ya zama mai tare hasken rana, in ba haka ba lambar bayan rigar za ta koɗe, robar safar hannun golar kuma, in an haɗa da ita a firam ɗin, ta bushe ta farfashe.