Yadda ake shigar da yaƙin mek na BattleTech cikin Dungeons & Dragons

Yawancin masu jan wasa, wato masu jagorantar wasan tebur, a nan Abuja da D&D bugu na biyar suka fara. Idan sha'awar mek, ƙatuwar na'urar yaƙi mai tafiya da ƙafa ta wasan BattleTech, ta taso, sai su ɗauko wadda ake kira Atlas mai tan 100, su lafta mata makin rai masu yawa kamar dodo, shi ke nan. Zagaye uku kawai za a yi kowa ya koma kan wayarsa, don an bar zafi a baya, wato ɗumin da mek ke tarawa in ta yi motsi ko harbi har ya wahalar da harbinta, alhali shi ne ke riƙe da BattleTech tun da kamfanin FASA ya fitar da shi a 1984.

Fara da taswira. Gida ɗaya a BattleTech mita 30 ne, a D&D ƙafa 5, wato gidan mek guda ya haɗiye wajen gida 20 na mutum a jere. Kada ka haɗa su a takarda ɗaya. Buga taswirar gidaje masu kusurwa shida a takardar A3, kowane shagon buga takardu a Wuse zai yi maka, ka sa a yi mata lamineshan don maka ta goge. Zagayen BattleTech daƙiƙa 10 ne, na D&D 6; ɗauke su daidai ka wuce. 'Yan gumakan da ake odarsu daga waje kuwa, da farashin dala na yanzu, murfin kwalbar lemo da kibiya a kansa ya wadatar.

Takardar sulken mek a bar ta yadda take, kai da ƙirji da hannu da ƙafa kowanne da makinsa. Ɓarnar makami ma kada a mai da ita jifar dayis: matsakaicin lesa 5, babbar bindigar da ake kira PPC 10.

Sai dayis, kuma a nan ake faɗuwa. BattleTech na jefa dayis biyu irin na ludo, inda 7 ke fitowa sau 6 cikin 36, 12 kuma sau ɗaya tak. Dayis mai fuska 20 ba ya fifita wata lamba, kowace kashi 5 cikin ɗari. Saboda haka ƙarin wahala na 1 a can ba 1 ba ne a nan. Daga neman 7 zuwa neman 8, damar samun abokin gaba tana sauka daga kashi 58 zuwa 42, fiye da maki uku ke nan a D&D. Wanda ya kwafe lambobin yadda suke, matuƙinsa zai yi ta harbi cikin zafi ba ya jin komai.

Ga yadda za a jera shi. Tafiya zafi 1, gudu 2, tsalle 1 a kowane gida amma ba ya gaza 3, kamar a littafin asali. Ƙarshen zagaye a cire adadin na'urorin sanyaya. Duba mek ɗin Warhammer mai tan 70: tana da guda 18, PPC biyu zafi 20, da gudu 22, saura 4 a jikinta. Ta maimaita, ta kai 8. To a 8 a rage wa matuƙi 3 daga jifar hari. A 13 ya jefa dayis mai fuska 20 guda biyu ya ɗauki ƙarami. A 17 a haɗa masa duka biyun.

Mutuwar inji tana farawa a 14, sai 18, 22 da 26, inda ake tsira in jifar dayis biyu ta kai 4, 6, 8 da 10 bi da bi. A dayis mai fuska 20 su zama 3, 7, 13 da 18. A 30 ba jifa, inji ya mutu. Kada a bari ɗan wasa ya ƙara makin ƙwarewarsa a wannan jifar. Na san za a yi gardama, amma in ka yarda, wanda ya kai mataki na tara ba zai sake tsoron zafi ba har a tashi.

Wurin da harbi ya sauka kuwa, a bar shi da dayis biyu na ludo. Kan mek yana fitowa ne a 12 kaɗai, ƙasa da kashi 3. Ka mayar da shi 20 a babban dayis, ka kusan ninka shi, ga kan mek sulkensa bai wuce 9 ba, cikinsa 3. Matuƙa za su riƙa mutuwa tun ba a yi sallar isha'i ba.

Mutum a ƙasa da mek: duk ɓarna 10 ta D&D ta zama maki ɗaya na sulke, abin da bai kai 10 a bugu guda ba a zubar. Makamin mek ya samu mutum, a ninka sau goma. Sihirin sanyi ya rage zafi 2, ba ƙari. Gyara a dogon hutu kawai, kuma hannun da ya cire sai an biya kuɗinsa.

Kafin ranar wasa, ka zauna da mutum ɗaya ku gwada mek biyu masu nauyi ɗaya. In aka yi zagaye shida ba wanda ya haura zafi 8, rage wa kowace mek na'urorin sanyaya biyu ku sake.