Ku bar ƙwan kwaɗi a ramin lambu

Jama'a masu lambu, da ruwan farko ya sauka za ku ga wani abu mai yauƙi da ɗige-ɗigen baƙi a ramin ban-ruwa, wani a dunƙule, wani a jere kamar carbi. Ƙwan kwaɗi ne, don Allah kada ku kwashe. In sun girma, su za su taya ku cinye ƙwari da dare.

Kada a wanke injin feshi a ramin, fatarsu tana tsotsar guba. In kuma ramin na siminti ne, a jingina katako daga cikin ruwa zuwa baki, domin talibambam in ya yi ƙafafu ya rasa mafita, nutsewa yake yi.